Ranar da na katse ƙanwata

Na daɗe ina aiki a ɗakin tiyata, kuma kusan kullum sai ketamin ya bi ta hannuna. Da shi muke sa mara lafiya barci idan za a ɗinke rauni ko a gyara karaya, domin bai cika danne numfashi ba. Na sha ganin masu farfaɗowa daga allurarsa suna sambatu, ido na rawa, wani ya ce ya ga kansa a wajen jikinsa. Iyakar sanin da na yi masa ke nan, ni kuwa na ɗauka na gama saninsa.

Shi ya sa ranar da ƙanwata da ke aure a Amurka ta ce, "Yaya, likita ya ɗora ni a kan ketamin saboda ciwon damuwa," ban bari ta dire ba. Na ce ƙwaya za su koya mata, ta daina, ta riƙe addu'a. Ta yi jim, ta ce, "To, Yaya." Ta kuwa daina.

Bayan mako uku mijinta ya kira ni daga asibiti. Tunanin kashe kanta ya dawo mata, Allah ya sa ta gaya masa. Ashe ta yi watanni tana fama, magunguna biyu sun gaza. Maganar da take shirin yi min ke nan na katse ta.

Sai a lokacin na zauna na yi karatu. Tun 2000 likitoci a Jami'ar Yale suka gano cewa ɗan kaɗan na ketamin, ƙasa da na sa barci, yana sassauta ciwon damuwa cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba sai sun ci makonni. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da feshin hanci na wani nau'in ketamin mai suna Spravato domin ciwon damuwa, a 2020 ta ƙara amincewa da shi ga masu ciwon da ke tunanin kashe kai. Ba a tafiya da shi gida. A asibiti ake shaƙa, a zauna awa biyu ana auna hawan jini.

Tsorona yana da tushe. Shan ketamin barkatai yana zama jaraba, yana lalata mafitsara, sauƙinsa kuma yakan gushe cikin kwanaki idan ba a ci gaba da kulawa ba. Amma likitanta ya san duk wannan, kuma shi ya duba ta. Ni daga nesa na yanke hukunci, har na sa ta zaɓi tsakanin addu'a da magani, alhali tana iya haɗa su.

Na roƙi gafararta, ta yafe, ta koma wurin likitanta. Mai karatu, idan wani naka ya ce rayuwa ta ishe shi, ka saurare shi har ya kai aya, sannan ka raka shi asibiti a ranar.