Sassarfar Asuba a Ƙauran Namoda

Iyayenmu ba su taɓa ware wani lokaci na motsa jiki ba, domin rayuwarsu duka motsi ce. Manomin Zurmi da ƙafa yake zuwa gonarsa, ya yini yana huɗa, ya dawo da kayan itace a ka. Ranar Alhamis kuwa mutanen ƙauyuka kan niƙi hanya zuwa kasuwar Shinkafi tun da duku-duku. Yau kabu-kabu ya ɗauke mana tafiya, rashin tsaro kuma ya ƙuntata mu cikin gari. Gonakin nesa da yawa sun gagara zuwa, wanda ya saba yini a daji yanzu a majalisa yake yini, ga zama ga damuwa. A irin wannan hali ne hawan jini da ciwon suga suke samun wurin zama.

Ina da shekara 47 aka auna jinina aka samu 152 bisa 96. Likita ya sa na dawo wata rana aka sake aunawa, har yanzu yana sama da 140 bisa 90, iyakar da ake kira hawan jini. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da magi, sannan ya gaya mini shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu.

Wani maƙwabcina ne ya kai ni wajen wasu mutane da ke haɗuwa a filin wata firamare bayan sallar asuba, idan gari ya fara wayewa. Ba su wuce goma sha biyu ba: malaman makaranta, da tela, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, sai wani tsohon soja da kowa ke kira Baba, shi ne jagora.

Abin da ya fi yi mini nauyi da farko kunya ce. A al'adarmu magidanci mai furfura ba ya gudu sai da dalili, kuma a garin da ya sha jin labarin hari, ganin babba yana sheƙawa kan ɗaga hankalin unguwa. Shi ya sa ƙungiyar take da ƙa'idojinta. Ana fita tare a dawo tare, cikin kayan wasanni da kowa zai gane, ana gaisawa da jama'a a hanya. Iyakarmu cikin gari, wajajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Zariya ya ƙare tun 1929. Ba mai wuce gidajen ƙarshe, komai daɗin iskar bayan gari.

Ranar farko Baba ya dube ni ya ce, "Malam, wanga ba tsere na ba. In ba ka iya yi min magana kana gudu, to ka wuce ƙarfinka." Wannan ma'aunin nake bi har yau, domin muddin mutum yana iya haɗa zance yana sassarfa, zuciyarsa da huhunsa na aiki daidai gwargwadon da za su iya ɗauka.

Tsarin da ya ɗora ni a kai mai sauƙi ne. Tafiyar sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sai sassarfar minti ɗaya, a bi ta da tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita sau 8. Kwana 3 a mako, da hutun kwana guda a tsakani, saboda a lokacin hutu ne tsoka take gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Kowane mako sai a tsawaita sassarfar kaɗan. Daga baya na ga kusan wannan ne tsarin da hukumar lafiya ta Ingila take koya wa masu farawa, wanda ke kai mutum ga gudun minti 30 cikin mako 9. Ni sai da na yi wata 3, kuma ba wanda ya matsa mini. Sannu ba ta hana zuwa.

Makonni biyun farko na sha tsamin jiki, har sujada sai da dabara. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan lafa cikin kwana biyu ko uku. Abin da ba a wasa da shi shi ne ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi daidaita bayan an tsaya. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya dakata ya nufi asibiti. Mai ciwon suga ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya cire takalmi. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, mukan gama kafin rana ta ɗaga, mu sha ruwa sosai. Da hunturu masu asma kan huta ranar da ƙura ta yi kauri. Cikin azumi kuma mukan koma tafiyar ƙafa kawai.

Yanzu jinina ya daidaita, barcina ya gyaru, amma ban daina shan magani ba, domin likita ne kaɗai ke da hurumin ragewa. Ribar da ban zata ba ita ce jama'ar. Ranar da kasala ta kama ni, sanin cewa ana jirana ne yake tayar da ni, kuma idan wani bai zo ba sai an leƙa gidansa an ji lafiya. Mai ɗakina da maƙwabtanta su ma sun fara zagayen tsakar gida na rabin awa da yamma, tafiyar sauri kuwa tana cikin lissafin minti 150 ɗin nan.

Mai son farawa, musamman wanda ya haura arba'in ko yake da wata jinya, ya fara zuwa a auna jininsa ya ji ta bakin likita. Daga nan ya nemi takalmin kambas da bai matse shi ba, da aboki ɗaya ko biyu, da filin da hankalinsa ya kwanta da shi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.