Ranar Da Na Kai Maraya Asibiti

A shekarar 2023 Allah ya yi wa ƙanena rasuwa, matarsa kuwa ta riga shi da shekara guda. Suka bar yaro ɗan shekara uku. Da aka yi sadakar bakwai, dangi suka ce ni ne babba, riƙonsa yana wuyana. Na ɗauki ƙullin tufafinsa don mu taho Ibadan inda nake sana'a.

Kafin mu tashi na tambayi mahaifiyarmu katin rigakafinsa. Ta ce ita ba ta san da wani kati ba, sai dai an taɓa ɗiga masa maganin shan inna a ƙofar gida. Hankalina ya tashi, domin a shekarar nan mashaƙo yana ta kashe yara a Kano, ga kuma 'yata mai wata biyar a gida, ba ta kai wata tara da ake yin allurar ƙyanda ba. Da na ce zan kai shi asibiti, sai tsohuwa ta ɓata rai ta ce, "Ashe ɗan ɗan'uwanka za ka ƙyamata?" Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Abin da na yi wa nawa shi zan yi masa."

Da muka je, ma'aikaciyar jinya ta duba dantsensa na hagu, ba ta ga tabon lamba ba, watau allurar tarin fuka da ake yi wa jariri. Ta ce yaron da ba shi da kati ana ɗaukarsa tamkar ba a taɓa yi masa kome ba, a fara daga farko. Aka buɗe masa kati, aka yi masa allurar ƙyanda da ta shawara, aka kuma soma wadda ke tsare mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, wadda ake yi sau uku, mako huɗu tsakani. Ko kwabo ban biya ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne awon jini. Likita ya ce yaron yana da amosanin jini, watau sikila. Ya rubuta masa magani, ya hore ni da gidan sauro da yawan ba shi ruwa, kuma da zarar zazzaɓi ya kama shi in kawo shi ko da tsakar dare ne.

Da na sanar da Inna ta waya, ta yi shiru, can ta ce lalle tun yana rarrafe yatsunsa kan kumbura ya kwana yana kuka, su kuwa suna ɗaukarsa sanyi ne. Sa'an nan ta sa mini albarka.

To jama'a, duk wanda aka ba shi riƙon yaro, ya nemi katinsa tun ranar farko, in babu ya kai shi a buɗe masa, a kuma auna jininsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.