Yini guda a Mararrabar Jos

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kaduna ta san Mararrabar Jos: tireloli da tankokin mai jere a bakin titi, hayaƙin tsire, teburan masu shayi, ga warin man gas da ke kama mayafi. Da can sai dai in toshe hanci mu wuce. Wannan karon sauka na yi, domin motar Yayana ta kwana uku a wurin, kuma kuɗin adashena na shekara guda suna cikinta.

Tsohuwar DAF ce. Da ya saye ta sai ya ƙara mata sifirin, aka ɗaga bodi don ta ɗauki buhuna fiye da ƙa'ida, wani bakanike kuma ya taɓa famfon mai wai don ta ƙara ƙarfi a hawa. Ta ɗauko masara daga Dawanau, kafin ta shiga Kaduna injin ya buga.

Na same shi a kan tabarma a inuwar motar, yaron mota na dafa taliya a risho.

"Yaya, ba ka ce akwai inshora ba?"

Ya zaro takarda daga leda ya miƙo mini. Inshorar dole ce, wadda doka ta wajabta wa kowace mota. Tun 2023 kuɗinta ga manyan motocin ɗaukar kaya ya koma Naira 100,000 a shekara. Amma aikinta biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, motarsa ko jikinsa. Taka motar ba ruwanta da ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babbar inshorar ma, mai tsadar, hatsari da gobara da sata take biya. Injin da ya mutu don tsufa ko wahala ba ya ciki. In kuma an sauya wa mota wani abu ba a sanar da kamfani ba, ko an yi mata lodin da ya wuce kima, suna iya ƙin biya ko da hatsarin gaske aka yi. Wani dattijon direba da ke shan shayi a gefe ya ce shi ya sa ko tanki zai ƙara, sai ya kai musu a rubuce. Ni kuwa da na ba da kuɗina, ko takarda ɗaya ban nemi gani ba, don kunyar Yaya.

Da la'asar aka sauke masarar zuwa wata mota, da kuɗin haya daga aljihunmu. Kanikawa suka ce sai an nemo wani injin a Panteka. Na shiga motar Kano ina lissafin kuɗin makarantar yara a bayan tikiti.