Faɗan Aro



Ƙasar da muke zaune a cikinta ba ta da majalisar dattawa. Majalisa ɗaya Ghana take da ita, can a Ankara, kuma wakilin da muke tura mata daga Asawase ɗan majalisa ake ce masa, ba sanata ba. Duk da haka, da zarar kakar zaɓen fidda gwani ta kama a Najeriya, sai kalmar sanata ta cika bakin samarinmu daga Aboabo har Sabon Zango, kai ka ce wanda za a tsayar ɗin shi zai yashe mana kwatar unguwa. Saƙon murya ya riƙa tsallako iyaka uku kafin a idar da sallar asuba, ɗauke da zagin wani bawan Allah da ba mu taɓa gani ba, daga bakin wani bawan Allah da ba mu san sunansa ba. Mu da aikinmu shi ne riƙe alƙalami a zauren Sarki, muna rubuta mai ƙara da wanda ake ƙara, mun san inda waɗannan saƙonni suke sauka bayan sun gama yawo.

Cikin irin waɗannan rigingimu, wadda ta fi shiga gidajenmu ita ce ta Kaduna ta Tsakiya a shekarar 2018, domin da yawanmu muna da dangi a Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kujeru 109 ne a majalisar dattawan Najeriya, uku uku ga kowace jiha, ɗaya ga Abuja, kuma wannan tana cikin ukun da Kaduna take da su. Mai riƙe da ita a lokacin shi ne Shehu Sani, wanda ya sha ɗauri a zamanin Abacha, ya ci zaɓe a 2015 a jam'iyyar APC. Tsakaninsa da gwamnan jihar, Nasiru El-Rufa'i, ba a ga maciji, ko da yake inuwa ɗaya suka fito. A watan Maris na 2018 majalisar dattawa ta ƙi amince wa jihar ta ci bashin dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, kuma Shehu Sani ne shugaban kwamitin da ya duba batun. Da lokacin fidda gwani ya zo, gwamna ya mara wa mashawarcinsa kan harkar siyasa, Uba Sani, baya. Uwar jam'iyya a Abuja ta fara nuna Shehu take so shi kaɗai, mutanen gwamna suka ƙi, aka yi zaɓe a watan Oktoba, Uba ya lashe, kuma a ƙarshe sunansa aka miƙa wa hukumar zaɓe. Kafin watan ya mutu Shehu ya fice zuwa PRP. A babban zaɓen 2019 Uba ya ɗare kujerar.

Wannan shi ne labarin da jaridu suka ɗauka. Wanda ya iso mana ta waya kuwa daban ne. Babu wanda ya turo mana bayanin sharuɗɗan bashin nan, ko nawa ne ruwansa, ko shekara nawa za a yi ana biya, alhali shi ne abin da ya cancanci muhawara, kuma mutum mai hankali zai iya tsayawa a kowane ɓangare ya kawo hujja. Abin da ya zo shi ne hoton da aka ɗora wa kan jaki, da sunayen banza da aka laƙaba wa kowane ɗan takara, da muryar wani mai rantsuwa da Allah cewa ya san abin da wane ya yi a wani ɗaki shekara ashirin da suka wuce. Kowane ɓangare da nasa maƙeran, kuma babu wanda ya fi wani tsabtar hannu.

Mun daɗe muna lura cewa zagin fidda gwani ya fi na babban zaɓe dafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan jam'iyya biyu suka kara, akwai abin faɗa: tutarsu daban, manufarsu daban, ko aƙalla haka suke cewa. Amma mutum biyu 'yan gida ɗaya, tsintsiya ɗaya a hannunsu, shugaban ƙasa ɗaya suke yi wa kirari, me ya rage a bambanta su da shi in ba jikinsu da gidansu ba? Ga shi kuma ɗan gida ya san inda rufin ɗaki yake yoyo. Su Shehu da Uba ma tare suka yi gwagwarmayar adawa da mulkin soja tun suna samari, mabiyansu sun ci a akushi ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe maka fitila ka ƙirga kuɗinka, ranar da ya juya maka baya ba sai ya yi dogon bincike ba. Dattawan da suka ga rabuwar PRP a Kano zuwa Santsi da Taɓo a farkon shekarun 1980 suna ba da labarin cewa abin da 'yan gida ɗaya suka faɗa wa juna a lokacin, ɗan NPN bai iya kai rabinsa ba.

Kada a ɗauka muna cewa zambo baƙon abu ne ga Bahaushe. Da shi muka tashi. Maroƙi yana wasa ubangidansa ya kuma yi wa abokin hamayyarsa shaguɓe, zamanin NEPU da NPC an yi waƙoƙin da ba a rerawa gaban surukai, kuma tun da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano aka sami waɗanda ake kira sojojin baka, masu sayen fili su kare gwaninsu su kuma yi wa na wani wankin babban bargo. A nan ma muna da irinsu, masu buga waya gidajen rediyo kowace safiya da Turanci ko Tuwi, an san muryarsu, an san jam'iyyar da ke saka musu kati. Sai dai duk waɗannan suna da fuska. Maroƙi a fili yake tsayawa da babbar rigarsa, an san gidan ubansa, idan ya wuce gona da iri Sarki yana iya aikawa a kira shi, ko wanda aka yi wa zambon ya aika masa da goro bakin ya mutu. Kunya tana aiki a kansa ko da kaɗan ne. Sojan waya kuwa yana iya zama da suna biyar da hoton zaki, ladansa kuɗin data da alkawarin muƙami, kuma abin da ya rubuta ba ya bin iska kamar waƙar dandali. Yana nan ajiye, jikan wanda aka zaga zai iya tono shi.

Abin ban takaici, yawancin hayaniyar nan ba ita ke fidda gwanin ba. A irin zaɓen da aka fi yi a wancan lokaci, daliget ne ke jefa ƙuri'a, mutane 'yan ɗaruruwa ko dubbai kaɗan da ake tarawa a fili ɗaya, kuma kowa ya san ba da karatun Facebook ake shawo kansu ba. Shi kansa Shehu Sani, wanda 'yan siyasar Arewa kaɗan ne suka kai shi yawan mabiya a intanet, ya nemi takarar gwamna a PDP a watan Mayun 2022 ya tashi da ƙuri'a 2, ya kuma fito ya ce bai ba daliget ko sisi ba. To idan mabiya masu yawa haka ba su haifar da ƙuri'a ta uku ba, ina amfanin yaron Aboabo da ya kwana yana zagi, wanda ko katin zaɓen Najeriya ba shi da shi, ƙasar da har yau ba ta ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a daga inda suke ba?

Akwai kuma wani makami guda da muke roƙon 'yan'uwa su dube shi da idon basira kafin su taɓa shi, wato gorin asali. Duk lokacin da hujja ta ƙare wa sojan baka, nan yake komawa: wane ba ɗan garin nan ba ne, kakansa da jaki ya zo, a binciki inda aka binne cibiyar ubansa. Mun ga samarinmu suna tura irin wannan suna dariya, jikinmu ya yi sanyi. Wa aka fi sara da wannan gatari in ba mu ba? A 1957, shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai, zangon Kumasi a rabe yake tsakanin masu bin CPP da masu bin jam'iyyar Musulmi. Gwamnatin Nkrumah ta ce a kori jagorori biyu na ɓangaren adawa, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Najeriya. Suka garzaya kotu suna cewa a nan aka haife su. Ba a jira kotu ta gama ba, majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu, aka fitar da su. Bayan shekara 12, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa, kuma babu gidan zango da bai san wanda ya sayar da gadonsa da arha ya hau babbar mota ba. Can ma gida ba a tsira ba: a 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Mu jikokin fataken goro ne, waɗanda suka biyo hanyar Gwanja da jakuna. Idan zuwa da jaki abin gori ne, to duk wanda ya danna ya tura wannan saƙo kakansa ya fara zaga, kuma yana koya wa maƙwabcinmu yadda zai yi magana a kanmu ranar da ya ga dama.

Wanda ya zauna gaban malami ya san ba sabon hukunci ake nema ba a nan. Suratul Hujurati ta yi magana a kan binciken labarin da fasiƙi ya kawo, da jifan juna da munanan laƙabi, da bin diddigin asirin mutane, da cin naman wanda ba ya nan. Abin da ya sauya shi ne yatsa ya karɓi aikin harshe, har mutum yana ganin tun da ba shi ya ƙaga ba, turawa kawai ya yi, babu ruwansa. Malamanmu na fiƙihu ba su taɓa sauke wa ɗan aike nauyin annamimanci ba.

Yanzu a dubi inda masu faɗan suke. Uba Sani ya zama gwamnan Kaduna a 2023. Ba a daɗe ba tsakaninsa da El-Rufa'i, wanda ya tsaya masa a 2018, ya yi tsami, har majalisar jihar ta binciki gwamnatin da ta gabata a 2024. A farkon 2025 Shehu Sani ya koma APC, gwamna Uba ne ya karɓe shi, El-Rufa'i kuwa ya fice daga jam'iyyar. Waɗanda aka yi zagin dominsu sun haɗa kafaɗa, wanda ya haɗa yaƙin ya koma waje. Ba mu ga laifinsu ba, siyasa ce sana'arsu, kuma sun san ranar faɗa sun san ranar shiri. Sojojinsu na can ma sun bi sahu, wanda ya zagi mutum jiya yau shi ke yi masa kirari, ya goge tsohon rubutu ya ci gaba da karɓar kuɗin data. Wanda ya aro faɗan ne ba a aiko masa da sanarwar sulhu.

A littafin zaure akwai shari'ar wasu samari biyu tun daga waccan kakar, ɗan mace da ɗan namiji, taubasai, waɗanda al'ada ta halatta musu tsokanar juna tun suna wasan ƙasa. Ɗaya ya ɗauki Shehu, ɗaya ya ɗauki Uba. Da wasa aka fara a zauren WhatsApp na dangi, har ranar da ɗayan ya ɗauko gorin asalin da aka ƙera don wani ɗan siyasa ya manna wa mahaifin ɗan'uwansa, a gaban iyaye mata da surukai da ƙannen da ke Kwatano da Jidda. Magana ta kai an dakatar da baikon ƙanwar ɗayansu, aka kawo su gaban Sarki.

Sarki ya saurare su har suka gaji, sannan ya dubi babban ya ce, "Ɗana, a ina kake jefa ƙuri'a?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan Asawase."

"Kai fa?"

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni ma nan."

"Cikin mutanen nan biyu, wa ya zo sunanku? Wa zai zo jana'izar kawunku?"

Babu wanda ya amsa. Sarki ya sa mai gorin ya je har gida ya durƙusa gaban kawunsa, ya kuma yi saƙon murya da bakinsa a zauren da ya yi ɓarnar, ya ambaci sunansa da na ubansa, ya janye abin da ya faɗa. Ya yi. An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Mun rubuta a littafi cewa an sasanta, domin haka aka yi a gabanmu, aka yi fatiha aka raba goro.

Sai dai rumfarsu ta kayan waya a Kejetia, wadda suka haɗa jari suka buɗe tare, tun a wancan watan suka raba ta, kuma har yau kowa da tasa. Mahaifiyar ƙaramin ta taɓa tsayar da mu a ƙofar gidan suna, ta ce, "Malam, an ce mutanen nan na Kaduna sun shirya, gaskiya ne?" Muka ce mata gaskiya ne, Hajiya, har taro aka yi. Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce a gaya wa Sarki ko zai sake kiran yaran.