Ƙasa Ma Tana Buƙatar Numfashi

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake daɓe a ƙauye ya riga ya san abin da ke kashe ciyawar ƙofar gida a Amurka, ko da bai taɓa zuwa ƙasar ba. Mata su yayyafa wa ƙasa ruwa, su sa madaɓi suna bugu har ta haɗe ta yi tauri, ruwa ya zuba a kanta ya gangare bai shiga ba. A cikin ɗaki abin da ake so ke nan. A filin da ake son ciyawa ta rayu kuwa, ajalinta ne.

Muna zaune a jihar Maryland, inda ciyawar harabar gida take kamar fuskar mai gidan. Unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje, kuma tana da ikon rubuto maka takarda idan filinka ya lalace. Mu ma ta rubuto mana. Tsakiyar filinmu ya yi sanƙo, in an yi ruwan sama sai ya kwanta a wurin har washegari, in rana ta fito kuma ƙasar ta bushe ta tsattsage. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaranmu uku da na maƙwabta a nan suke ƙwallo kowace yamma, kuma a nan muke shimfiɗa tabarmi ranar Sallah idan mutanenmu sun taru. Ƙafafun nan su ne madaɓi, ruwan sama kuma yana yi musu yayyafi kyauta.

Maigida ya karanta takardar ya ajiye, ya ce, "Magana ta ƙare, daga yau babu ƙwallo a gidan nan."

Na ce, "Baban yara, idan muka kore su daga fili, ɗaki za su koma su rungumi waya. A ba ni kaka ɗaya in gwada wani abu."

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ne kawai ƙwayoyin ƙasa, sauran rabin 'yan ƙofofi ne da iska da ruwa ke zama a ciki. Saiwar ciyawa tana shaƙar iska kamar yadda muke shaƙa, kuma ta waɗannan ƙofofin take kutsawa ƙasa. Idan aka yi ta taka wuri, musamman yana jiƙe, ƙofofin sai su matse. Ƙasar yankinmu mai yumɓu ce, ta fi rairayi saurin toshewa. Ga shi kuma yawancin gidajen nan tun lokacin gini manyan motoci suka gama danne ƙasar kafin a shimfiɗa mata ciyawa. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta sayen taki yana ta ban ruwa, fili bai canza ba. Takin yana nan a sama, ruwa ya zo ya kwashe shi zuwa kwalbati.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan an yi ruwa, ɗauki doguwar sukundireba ka soka a ƙasa. A gefen katangarmu, inda ba a takawa, ta shige har mariƙinta. A tsakiyar filin ƙwallo kuwa da ƙyar ta shiga inci ɗaya.

Maganin shi ne a huda ƙasar, sannan a zuba sabon iri a kan tsohuwar ciyawa ba tare da an nome ta ba. Sai dai huda iri biyu ce. Akwai ƙarfe mai tsini da ke sokawa kawai, wanda ke tura ƙasa gefe ya ƙara matse bakin ramin. Akwai kuma inji mai haƙora masu rami a ciki kamar bututu, wanda ke ciro ƙasar waje dungurungum, kowane gutsure kamar ɗan yatsa, zurfin inci 2 zuwa 3. Wannan na biyun shi ke samar da fili a cikin ƙasa, domin abin da aka cire ya bar gurbi, ƙasar da ke kewaye ta samu inda za ta saki jiki.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ciyawar da ta fi dacewa da Maryland ita ce wadda ake kira feskiyu mai tsayi, kuma mai son sanyi-sanyi ce. Saboda haka daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba ake wannan aiki, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi, iska ta fara sanyi, miyagun ciyayi kuma sun fara ja da baya. Akwai kuma doka: tun 2013 jihar ta hana zuba wa ciyawar gida taki daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Maris, don kada ruwa ya wanke shi zuwa gaɓar Chesapeake. Wanda ya yi jinkiri sai ya jira wata shekarar.

Mun zaɓi Asabar ta biyu a Satumba. Kwana biyu kafin nan maigida ya aske ciyawar ƙasa-ƙasa, na bi da manjagara na kwashe busasshen ganye. Ana gobe aiki muka ba filin ruwa daidai yadda zai yi laushi ba tare da ya zama taɓo ba. Muka kafa 'yan tutoci a duk inda bututun ruwa ko waya ta bi a ƙarƙashi. Injin haya muka ɗauko, mu da wani dattijo maƙwabcinmu muka raba kuɗin. Yana da nauyi ƙwarai, sai mutum biyu ke sauke shi daga mota, kuma idan ya tashi shi ke jan mai riƙe da shi. Muka bi filin a tsaye, muka sake binsa a kwance, wurin sanƙon kuma har sau uku.

Da muka gama, filin ya cika da gutsattsarin ƙasa kamar garken awaki ya kwana a wurin. Autarmu ta ɗauko tsintsiya, dattijon ya hana ta. Ya ce a bar su, cikin mako biyu zuwa uku ruwa zai narkar da su su koma inda suka fito.

A ranar muka watsa iri, tun ramukan suna buɗe. Irin da ya faɗa kan ganye ko kan ƙasa mai tauri rabon tsuntsaye ne. Wanda ya faɗa rami ya samu danshi da inuwa da ƙasa mai laushi, shi ke tsirowa. Muka bi da ɗan takin gargajiya da ya ruɓe sosai, muka baza shi sama-sama. Maganin hana miyagun ciyayi tsirowa kuwa ba a haɗa shi da wannan aiki, domin bai san irinka ba, duka zai hana.

Sauran aikin haƙuri ne. Ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma, don kada saman ƙasa ya bushe, kuma ba a taka wurin har kusan wata guda. Yaran na ɗora wa tiyo. Babban shi ne na safe kafin makaranta, ƙannensa na yamma. A kwana na tara ya shigo da gudu yana kirana. Na fita na durƙusa, sai ga 'yan tsirai sirara kamar allura, jere-jere, kowane tsiro daga cikin raminsa.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, dariya ta yi. Danginta mutanen Illela ne a jihar Tawa ta Nijar, inda manoma suka farfaɗo da faƙo ta hanyar tassa: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki a ciki, ruwan farko ya taru a nan, a shuka gero. Ta ce, "Wato har inji kuka yi haya don ku yi tassa?"

Zuwa ƙarshen Oktoba sanƙon ya rufe, ruwa ya daina kwanciya, takarda ta biyu ba ta zo ba. Amma ƙasar za ta sake matsewa, domin ƙwallo ta dawo. Abin da muka daidaita da maigida shi ne: ranar da aka yi ruwa ba a wasa sai fili ya tsane, ragar gola ana sauya mata wuri duk mako, kuma kowace Satumba za mu huda ƙasa mu ƙara iri. Kuɗin hayar inji da na buhun iri yanzu suna cikin lissafin shekara, kusa da kuɗin takalman yara.