Baƙon Da Ya Kori Ɗan Gari

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a gaɓar tekun Kalaba akwai baƙon da ya ƙi tafiya, har yana neman korar masu gida. Wannan baƙo kuwa ba mutum ba ne, tsiro ne.

Mahaifina yana kasuwanci a unguwar Bogobiri ta Kalaba, saboda haka duk lokacin da aka ba mu dogon hutu, can nake zuwa. A nan na san itacen da ake kira mangurof, wanda ke tsirowa cikin taɓo inda ruwan kogi ke gamuwa da ruwan gishiri. Saiwoyinsa sukan fito sarari, su harɗe kamar ƙafafun gizo-gizo. A cikinsu ne 'ya'yan kifi da ƙaguwa da dodon koɗi ke ɓuya har su girma. Da itacensa kuma ake bandar kifi. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan daji.

Shi kuwa baƙon, sunansa nifa. Ganyensa ya yi kama da na tukurwa. A shekarar 1906 Turawa suka kawo shi Kalaba daga Singafo, da nufin ya hana ruwa cinye gaɓa. Ashe 'ya'yansa ba sa nutsewa. Igiyar ruwa ce ke yawo da su, duk inda suka sami taɓo sai su kafu. Ta haka ya bazu har yankin Neja Delta.

Idan kana cikin kwalekwale ka hangi nifa kore shar, sai ka ce albarka ce. Masunta kam ba haka suke gani ba, domin ba shi da saiwoyin da kifi zai fake, kuma inuwarsa ba ta barin ƙananan mangurof su tashi. Idan kifi ya ragu, kuɗin makarantar ɗan masunci ya ragu ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, nifa ya fi samun wuri inda aka sare mangurof, ko inda malalar man fetur ta kashe shi. Wato sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Laifin ba na tsiron kaɗai ba ne.

Ba kowane baƙon itace ne mugu ba. Darbejiyar da muke karatu a inuwarta a nan makaranta ma daga Indiya asalinta yake. Sai dai ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu burin karanta aikin gona da gandun daji, mu riƙa tambaya kafin a kawo sabon iri: idan ya kafu, wa zai kora? Kawo nifa bai yi wuya ba, amma yau fiye da shekara 100 ke nan ba a iya raba shi da gaɓar ba.

Allah ya ba mu ikon kiyaye abin da muka gada, amin.