Idan Kyamara Ta Ƙi Gani: Darasi Daga Gwajin Koyarwa

Duk wanda ya taɓa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa ya san irin wahalar da nisa ke jawowa. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta wajabta wa mai neman takardar NCE ya shiga aji ya koyar kafin a ba shi shaida. To amma malamin da aka raba wa ɗalibai a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, wani a Paki, wani a Gazara, wani kuma a Likoro, da ƙyar yake samun zama a kowane aji fiye da sau ɗaya ko biyu. Ke nan makin da zai bi ɗalibi har ƙarshen karatunsa ya dogara ne a kan 'yan mintocin da mai dubawa ya gani.

Wannan ne ya sa na koma ga kyamara, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Dabarar tana da tarihi. A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da tsarin taƙaitacciyar koyarwa, inda ɗalibi kan gabatar da gajeren darasi, a yi masa gyara, sannan ya sake, kuma ba da jimawa ba aka shigar da ɗaukar bidiyo cikin tsarin. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne girman kayan aikin da tsadarsu. A 2012 aka fito da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a Ingila mai suna Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Idan aka jona mata kyamara ta kafar USB, aka ba ta intanet daga wayar hannu, za ta iya aika hoton aji daga Hunkuyi zuwa Zariya a daidai lokacin da ake koyarwa.

Sai dai kuma a wurin aiki abin bai cika tafiya sumul ba. Ɗalibi yakan bugo mini waya ya ce, "Malam, kyamarar ta mutu." In na tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce ya riga ya sauya kebul, ya sauya caja, ya kashe ya kunna, duk a lokaci guda. Wani lokaci hoton yakan dawo, amma bai san abin da ya dawo da shi ba, saboda haka in matsalar ta sake tasowa kashegari sai ya koma gidan jiya.

A nan ne ilimin harshe ya yi mini rana. A darasin tsarin sauti muna koyar da zubin kamantau, wato kalmomi biyu da suka yi daidai ta kowace fuska in ban da sauti ɗaya, kamar kafa da ƙafa. Tun da abu ɗaya tak ya bambanta, kuma ma'ana ta sauya, mun tabbata cewa wannan abin shi ne sanadi. Haka neman cutar na'ura yake: a sauya abu ɗaya, a bar saura yadda suke, a duba, a rubuta. A iya abin da na gani, cutar takan ɓoye ne a ɗaya daga wurare huɗu, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen bincika su.

Wuri na farko shi ne wuta. Samfurin na huɗu na wannan kwamfuta, wanda ya fito a 2019, yana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, kuma daga cikin wannan ne kyamara ke shan nata rabon. Idan ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 4.63, kwamfutar takan nuna gargaɗi, kyamara kuma ta riƙa ɓacewa tana dawowa. A wata makaranta a ƙasar Makarfi hoto ya riƙa yankewa bayan 'yan mintoci. Muka bar komai yadda yake, muka maye cajar waya mai arha da aka sayo a kasuwa da wata mai cikakken ƙarfi, shi ke nan matsalar ta kau.

Wuri na biyu shi ne kebul da mahaɗa. Ƙa'idar USB 2.0 ba ta yarda tsawon kebul ya wuce mita 5 ba, alhali ɗalibai suna son rataye kyamara a ƙarshen aji, sai su yi ta ƙara wani a kan wani. Kafin a zargi kowa, sai a tambayi kwamfutar ko ta ga kyamarar. A tsarin Linux, umarnin lsusb yana lissafa duk abin da aka jona, dmesg kuma yana ba da labarin abin da ya shiga da wanda ya fita. In sunan kyamara bai fito ba, babu amfanin taɓa manhaja.

Wuri na uku shi ne faɗin hanyar da hoto ke bi, kuma nan ne lissafi ke shigowa. Hoto mai faɗin ɗigo 1280 da tsayin ɗigo 720 yana ɗauke da ɗigo 921,600. In ba a matse shi ba, kowane ɗigo yana cin bait 2, kuma bidiyo mai tafiya daidai yana son hoto 30 a daƙiƙa. Jimla ta kai kimanin megabait 55 a kowace daƙiƙa, ga shi kuma rabon da USB 2.0 ke ba kyamara bai wuce kimanin megabait 24 ba. Tamkar a ce motar rake ce ta nufi lungun da amalanke kaɗai ke iya ratsawa. Mafita biyu ce: ko a rage hoton zuwa 640 da 480, wanda ke cin kimanin megabait 18, ko a umarci kyamara ta matse kowane hoto da tsarin MJPEG kafin ta aiko. Har ila yau, in aka ga hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin fitilar lantarki, sai a duba ko an saita kyamarar a kan 60 irin na Amurka, domin wutar Nijeriya tana juyawa ne sau 50 a daƙiƙa.

Wuri na huɗu shi ne sabis da yanayi. Bidiyo yakan fita lafiya daga kyamara ya maƙale a hanyar intanet, musamman a ƙauyukan da ke nesa da babban titi. Gwajin mai sauƙi ne: a adana darasin a katin ajiya ba tare da aikawa ba. In ya fito tsaf, laifin na sabis ne, sai a haƙura a aika da dare ko a kawo katin da hannu. Bugu da ƙari, zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano yana sa kwamfutar ta rage gudunta da zarar zafin cikinta ya haura digiri 80, ƙurar hunturu kuma kan dusashe gilashin kyamara.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya gabaci duk waɗannan. Yaran da ke cikin aji amana ce. Kada a kunna kyamara sai da izinin shugaban makaranta da na iyaye, kada kuma hoton ya fita daga hannun malami da ɗalibinsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye a kan bayanan yara, tarbiyyarmu ma tun can ta tanadi haka.

Na kawo wannan bayani cikin littafin Hausa ne saboda ɗabi'ar da ke cikinsa, domin da yawa daga cikinku ba za su taɓa jona kyamara ba, amma kowanenku zai haɗu da yaron da ya kasa karatu. Abu mafi sauƙi shi ne a ce daƙiƙi ne, kamar yadda ake ce wa kyamara ta mutu. Malamin ƙwarai kuwa yakan bi matakai. Ya karya kumallo kuwa? Yana ganin allo daga inda yake zaune? Yana jin bambancin d da ɗ, ko k da ƙ? Ko darasin ne ya yi masa yawa a lokaci guda? Sai a matso da shi gaba yau, a bar komai yadda yake, a duba. Gobe a rage yawan kalmomin, a sake dubawa, a rubuta abin da aka gani. Kafin mako ya zagayo, malami zai san inda matsalar take, kuma zai iya yi wa iyayen yaron bayani da hujja.